Yadda ake fita teku da shiga mina (tashar jiragen ruwa) a Jidda a makon babbar gasa

Tun Disambar 2021 da aka fara tseren motoci na Formula 1 a Jidda, bakin tekun arewacin gari ya zama wurin da ƙa'idarsa ke sauyawa a wasu kwanaki na shekara. Hanyar tseren, mai tsawon kilomita 6.174 da kwana 27, a Kornish, wato titin bakin teku, take shimfiɗe, teku na gefenta. Daga baya wasannin suka sauko cikin ruwan kansa. Daga 29 ga Nuwamba zuwa 2 ga Disamba 2023 an yi tseren share fage na Kofin Amurka na jiragen filafilai a gaban Jeddah Yacht Club, sannan a Fabrairun 2024 gasar E1 ta jiragen ruwa masu lantarki ta yi tserenta na farko a nan. Ga kuma gasar ƙwallon ƙafa ta Kofin Asiya a 2027 da Kofin Duniya a 2034, kuma Jidda da Khobar, biyu daga cikin biranen da za su karɓi wasannin, duk a gaɓar ruwa suke.

Wannan bayani na wanda abincinsa ke haɗe da ruwa ne: matuƙin ƙaramin jirgi da yaransa, masunci, mai kai baƙi yawo daga Ubhur da ke arewacin gari, direban tirela mai shiga mina, mai fiton kaya, da fasinjan jirgin Sawakin ta Sudan. Abin da ya kamata kowa ya riƙe tun farko shi ne tasrihi, wato izinin da kake fita da shi kullum, ba ya buɗe maka ruwan da aka rufe saboda gasa. Kuma da wuya ka ga wanda ya kutsa da gangan. Abin da ke jefa mutane ciki shi ne karanta lokaci ba daidai ba, shigar da lambobin wuri a GPS ba daidai ba, ko inji ya mutu iska ta tura jirgi.

Tsananin da jami'ai ke yi yana da dalili. Ranar Juma'a 25 ga Maris 2022, ana cikin atisayen tseren, aka kai hari kan ma'ajiyar mai ta Aramco a arewacin Jidda, har ana hango hayaƙin daga filin. An yi tseren ranar 27 ga wata kamar yadda aka tsara. To jami'in da ke cikin jirgin sintiri da dare, ya ga ƙaramin jirgi babu fitila yana matsowa inda dubban mutane suka taru, ba shi da hanyar sanin cewa masunci ne mai neman na cefane. Aikinka ne ka sa ya gane ka tun daga nesa.

Wa ke riƙe da me

Harasul Hudud, wato dakarun tsaron iyaka da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, su ke da tsaron gaɓa da ruwa. Su ke ba da tasrihin fita teku, su ke sintiri, kuma cibiyar ceto ta teku da ke Jidda a hannunsu take. Lambarsu ta gaggawa 994 ce, 911 ma tana aiki a yankin Makka. Hukumar Mawani ke kula da tashoshin jiragen ruwa na kasuwanci, ciki har da Minar Musulunci ta Jidda. Rajistar jirgi tana wajen Hukumar Sufuri, lasisin kamun kifi wajen ma'aikatar muhalli da ruwa da noma, harkar yawon buɗe ido a Bahar Maliya kuma wajen hukumar da aka kafa mata a 2021. Kwastan na ƙarƙashin hukumar zakka da haraji. Amfanin sanin wannan shi ne kada ka ɗauki maganar wanda ba shi da iko a kan abin da ka tambaya. Mai gadin marsa, wato wurin da ƙananan jirage ke tsayawa, zai iya ce maka ai ba komai, wuce, amma ba shi zai tsayar da kai a ruwa ba.

Mataki na farko: samo sanarwar da kanka

Kamar mako biyu kafin gasa ka fara bibiya. Wurare huɗu ake dubawa: ofishin Harasul Hudud na marsar da kake fita, shafukansu na hukuma da dandalin Zawil inda ake neman tasrihi, ofishin marsa ko wakilin jirgi, sai kuma gargaɗin da ake watsa wa jirage ta rediyon VHF da na'urar NAVTEX, wadda ke karɓar saƙo a kan kilohaz 518. Bahar Maliya tana cikin yanki na 9 na gargaɗin jiragen ruwa na duniya, wanda Pakistan ke haɗa sanarwarsa, amma ƙaramar rufewa ta kusa da gaɓa a sanarwar gida za ka fi samunta.

Saƙon murya da aka turo a WhatsApp ba sanarwa ba ce. Hoton takarda ma ka duba shekararsa, domin ta bara takan dawo tana yawo. Kwanan tseren kansa ba a tsaye yake ba: a 2021 Disamba ne, a 2022 da 2023 Maris, a 2024 ranar Asabar 9 ga Maris aka yi shi saboda azumi ya kusa, a 2025 kuma Afrilu. Kada ka gina shirinka a kan abin da aka yi bara.

Mataki na biyu: karanta ta da biro a hannu

Abu huɗu za ka fitar ka rubuta a takarda guda: iyakar wuri, ranaku da sa'o'i, irin hanin, da tashar rediyon da masu sintiri ke saurare.

Irin hanin ba ɗaya ba ne. Akwai wurin da aka hana shiga ɗungum, sai jiragen tsaro da na masu shirya gasa. Akwai wurin da aka yarda ka ratsa amma a hankali, babu tsayawa, babu sakin anga, babu jefa fatsa ko taru, babu iyo ko nutso. Akwai kuma wurin 'yan kallo, wanda galibi sai jirgin da aka yi wa rajista aka ba shi tuta ko takardar liƙawa. Mutane sukan ga jirage jibge a wuri su ɗauka kowa ma zai iya shiga, alhali waɗancan da izininsu suka zo.

Lokaci shi ne tarkon farko. Gargaɗin da ake watsa wa manyan jirage da agogon duniya na UTC ake rubuta shi, Saudiyya kuwa tana gaba da shi da awa uku. Idan ka ga 1400 UTC, ƙarfe 5 na yamma ke nan a Jidda. Wanda ya ga an rubuta za a buɗe 2000 ya ɗauka ƙarfe 8 na dare ne, zai shigo awa uku kafin lokaci, domin ƙarfe 11 ake nufi. Duba kuma ko kwanan watan na Hijira ne ko na Miladiyya, ka rubuta duka biyun. Sannan rufewa ba ta tsaya ga ranar gasa kaɗai ba. Tseren motoci kwana uku ne, da atisaye da neman gurbi da tseren kansa, ga wasan wuta da taron kiɗa da dare. Na jiragen ruwa kuma akwai ranakun gwaji da na kafa alamomi kafin a fara.

Tarko na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma a nan ya kamata a daɗe. Ana rubuta wuri iri biyu: digiri da minti da ɗigo, ko digiri da minti da sakan. Ɗauki 21°37.50' da 21°37'50". Ido zai ce abu ɗaya ne. Na farko minti 37 da rabi ne. Na biyu minti 37 da sakan 50, wato minti 37.83. Minti ɗaya daga kudu zuwa arewa mil ɗaya ne na teku, mita 1,852, saboda haka tsakanin lambobin nan biyu akwai fiye da mita 600. Wannan tazarar ta isa ta sa ka tsakiyar wurin da aka hana alhali allon GPS ɗinka na nuna kana waje. Kafin ka shigar da lamba ko ɗaya, shiga saitin na'urar ka mai da tsarinta irin na sanarwar, ka tabbata kuma tana kan tsarin taswira na WGS 84. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗaya ya danna, sannan su yi musaya a sake bi. Idan ka gama, haɗa ɗigogin ka dubi siffar da ta fito. In wani ɗigo ya faɗa kan titi ko cikin unguwa, akwai lambar da aka juya.

Bayan haka ka zana naka layin a wajen nasu, da tazarar aƙalla rabin mil, ka saita ƙararrawar na'urar a kan naka layin. Iyakar ruwa ba kamar shingen gona ba ce da za ka jingina da shi ka san ka iso. Wani lokaci akan sa tulluna masu ruwan ɗorawa, wani lokaci jiragen sintiri ne kaɗai alama. An kuma sha ba da rahoton rikicewar GPS a Bahar Maliya, don haka ka riƙe alamomi biyu na tudu da ido zai gani, kamar hasumiya ko dogon bene, ka auna su da kamfas tun da rana ka rubuta.

Mataki na uku: takardu

Rajistar jirgi, lasisin tuƙi na matuƙi, tasrihin fita na wannan tafiyar, lasisin kamun kifi idan su za a yi, da iƙama ko katin ɗan ƙasa na kowane mutum, duka masu rai ba waɗanda suka ƙare ba. Idan jirgin ba naka ba ne, a samu izinin mai shi a rubuce. Ka buga kwafi a takarda ka sa a leda mai zif, domin waya takan jiƙe, caji yakan ƙare, kuma layi yakan cushe a daren gasa saboda yawan jama'a.

Sunayen da ke cikin tasrihi su ne mutanen da ke cikin jirgi, ba ƙari ba ragi. A nan kunya ke cutar da mu. Baƙo ya zo Umra, ko ɗan unguwa ya ce Alhaji a taimaka a ɗauke ni in ga wasan wuta daga ruwa, sai a ji nauyin hana shi. Hana shi shi ne taimakonsa. Idan takardarsa ba ta cika ba, maganar ba za ta tsaya a kan tara ba, tana iya kaiwa Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, kuma matuƙi da mai jirgi su ma sai sun amsa tambaya.

Mataki na huɗu: hanya da mai

Zagaye yana cin mai fiye da yadda ake zato. Misali, tafiyar mil 12 a gudun not 18, wato mil 18 na teku a awa ɗaya, minti 40 ce. Idan rufewa ta mai da ita mil 17, kuma mil 3 a ciki dole ka bi a not 5, lissafin ya koma minti 47 da minti 36, wato kusan awa ɗaya da minti 23. Ka ninka wannan zuwa da dawowa, ka ƙara jiran da za a iya sa ka a bakin mashiga. Ƙa'idar da aka sani ita ce kashi ɗaya cikin uku na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya, amma a kan sabuwar hanyar za ka lissafa ta. Iskar Jidda galibi daga arewa maso yamma take kaɗawa, takan ƙaru bayan azahar, don haka mai komawa Ubhur daga kudu da yamma yana fuskantar iska da igiyar ruwa, injinsa zai fi sha.

Kada zagayen ya kai ka inda ba ka sani ba. Gaɓar Jidda cike take da duwatsun murjani, wanda masu ruwa ke kira sha'ab, jere-jere, kuma da rana ake gane su ta launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore mai haske ya fara tudu, ruwan ƙasa-ƙasa dutse ne a ƙarƙashin hancinka. Idan rana ta yi ƙasa tana haska maka ido, duk wannan ya ɓace. Bi sabuwar hanyar sau ɗaya da rana kafin makon gasa, ka ajiye sawunta a GPS. Idan kuma zagayen zai ratsa hanyar manyan jiragen mina, dokar kauce wa karo ta duniya ta 1972 ta hana jirgin da bai kai mita 20 ba ya tare wa babban jirgi hanya a matsattsiyar mashiga. Jirgin kwantena a not 12 yana cin mil ɗaya cikin minti biyar, kuma ba shi da birki. Ka jira ya wuce, ka ratsa ta bayansa kai tsaye.

Duba sanarwar Cibiyar Hasashen Yanayi ta ƙasa da safe. Harasul Hudud sukan hana fita idan iska ta yi ƙarfi, ko da gasa ko babu.

Mataki na biyar: kayan jirgi

Rigar ceto ga kowa, a jiki ba a ƙarƙashin benci ba. Abin kashe gobara, akwatin agajin farko, harsashin haske na neman ceto wanda bai ƙare ba, tocila, usur ko ƙaho, ruwan sha. Fitilu ka gwada su tun da rana: ja a hagu, kore a dama, fara a baya ko a sama. Rediyon VHF mai lasisi a buɗe a tasha ta 16 tun daga tashi har dawowa. Na hannu wat 5 zuwa 6 ne, 'yan mil kaɗan yake kaiwa, na kafe kuwa wat 25 ne, kuma tsayin eriya ya fi komai tasiri. Idan jirgin na da AIS, abin da ke nuna inda jirgi yake a allon wasu, a bar shi kunne. Kashe shi don kada abokan sana'a su ga inda kake samun kifi abu ne da aka saba, amma a makon gasa jirgin da ya ɓace daga allo shi ake fara bi.

Abin da za a bari a gida: ƙaramin jirgin sama mai kyamara, wanda ko a ranar da babu komai sai da izinin hukumar sufurin sama yake tashi, da fitilar leza, da duk wani ƙunshi da ba ka san abin da ke ciki ba.

Idan inji ya mutu kusa da iyaka

Wannan shi ne ya fi kowanne haɗari, kuma lokacin da kake da shi kaɗan ne. Iska da jan ruwa idan suka haɗu suka ba da not ɗaya da rabi, jirgi na tafiya mita 46 a kowane minti. Tazarar mita 500 za ta ƙare cikin minti 11. Kuskuren da aka fi yi shi ne kowa ya duƙufa a kan inji, babu mai kallon inda jirgi ke tafiya.

Ga jerin da ya dace. Na farko, matuƙi ya raba aiki da suna: wane, saki anga, wane, riƙe rediyo. Anga ba ta kamawa sosai sai igiya ta kai ninki biyar na zurfin ruwa, wato zurfin mita 10 yana son igiyar mita 50, da ɗan sarƙa a kusa da angar don ta kwanta. A nemi yashi, domin murjani yana riƙe anga har a rasa ta, ita kuma tana farfasa shi. A bayan sha'ab ruwa yakan zurfafa farat ɗaya har anga ba ta isa ƙasa. A nan sai a ɗaure bokiti mai ƙarfi da doguwar igiya a jefa ta gaban jirgi, zai rage gudun turawa ya juya hanci ga igiyar ruwa.

Na biyu, kira tun kana waje. A tasha ta 16 ka ce Pan-Pan, wato kiran neman taimakon gaggawa, sau uku, sannan sunan jirgi da lambarsa, inda kake, abin da ya faru, mutum nawa, da wajen da ruwa ke jan ku. Mayday na lokacin da rai ke cikin haɗari ne. In rediyo bai kai ba, 994. Wanda Larabcinsa na kasuwa ne ya sa a rubuta masa waɗannan jimloli a kati ya liƙa kusa da sitiyari, domin tsoro yana kore harshe. Jirgin da ya sanar kafin ya ƙetare layi mai neman taimako ne, kuma haka za a karɓe shi. Wanda aka tsinta a ciki shiru, bayaninsa zai yi tsawo.

Na uku, sai a koma kan inji, a bi daga mai sauƙi. Igiyar kashe inji tana maƙale a wurinta? Giya na tsakiya? An buɗe ɗan murfin iska na tankin mai? In a rufe yake, tanki yakan shaƙe inji ya mutu bayan 'yan mintuna. Matsa robar famfon mai har ta yi tauri, in ta ƙi, akwai iska a tiyo ko mai ya ƙare. Duba matatar mai ko ruwa ya taru a ƙasanta. Ɗaga ƙafar inji a duba ko leda ta toshe mashigar ruwan sanyaya, ko igiyar taru ta naɗe farfela. Fulogi ne na ƙarshe. A daren taro leda da robobi sun fi yawa a ruwan Kornish, don haka idan ka ga ɗan ruwan da inji ke fitsarwa ya tsaya, kashe shi nan take kafin ya ƙone.

A gasar jiragen ruwa haɗarin ba na kamu kaɗai ba ne. Jiragen AC40 da suka yi tsere a Jidda a 2023 suna tashi a kan fikafikai su haura not 40, wato kamar mita 20 a sakan ɗaya, kuma babu ƙarar inji da za ta gargaɗe ka. Mita 200 a wajensu sakan goma ne.

Idan jirgin sintiri ya nufo ka

Alamun ba su da wuyar ganewa: shuɗiyar fitila mai walƙiya, jiniya, lasifika, ko a haska ka da babbar fitila. Gajeren busa biyar a jere yana nufin ba a gane nufinka ba. Tutar L, mai murabba'i huɗu rawaya da baƙi, tana nufin ka tsaya nan take. Da dare hasken filin tsere yana haɗiye ƙananan fitilu, don haka a sa mutum ɗaya yana kallon baya da gefen teku, ba wajen wasan ba.

Sauke wuta, mai da giya tsakiya, kada ka juya kamar mai shirin gudu ko da nufinka ka fita daga wurin ne. Kowa ya zauna, hannuwa a fili. A kunna fitilar cikin jirgi, kada a haska musu tocila a ido. Kada a jefa komai a ruwa, ko ragowar abincin kifi ne, domin daga nesa kamar ana zubar da shaida ne. Wayoyi su koma aljihu, ɗaukar jami'an tsaro hoto ko bidiyo laifi ne mai zaman kansa. A rataya tayoyi a gefe don kada jirage su gogu. Matuƙi kaɗai ya yi magana: sallama, sunansa, marsar da ya fito, inda za shi, sannan ledar takardu. Dattijon da ke cikin jirgi ma, komai girmansa, a roƙe shi tun a tudu cewa Baba idan an tsayar da mu a bar wa matuƙi magana, domin baki uku a lokaci ɗaya yakan kawo amsa uku mabambanta.

Idan an ce ka bi su, ka bi. Idan an rubuta maka laifi, karanta kafin ka sa hannu, in ba ka gane ba ka nemi a fassara maka, ka karɓi lambar takardar, ka sanar da mai jirgi ko kafili a daren. Kada ka kuskura ka miƙa wani abu da sunan goro. Cin hanci babban laifi ne a Saudiyya, ga mai bayarwa da mai karɓa.

Ɓangaren mina

Minar Jidda tana kudu, kusa da Balad, tsohon gari, nesa da filin tsere, kuma ba a rufe ta don wasa. Abin da kan sauya shi ne tsananin bincike da cunkoson hanya. Tashoshin duniya suna aiki da ƙa'idar tsaro ta ISPS, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2004, ta shafi jiragen fasinja da na kaya masu tan 500 zuwa sama da ke tafiya tsakanin ƙasashe. Mataki uku gare ta: na ɗaya na yau da kullum, na biyu idan barazana ta ƙaru, na uku idan ana ganin abu na gab da faruwa. Gwamnati ke sa matakin, kuma jirgin da ya shigo dole ya ɗaga nasa ya kai na tashar. Idan aka hau na biyu, ana rage ƙofofin shiga, ana ƙara yawan motoci da mutanen da ake bincika, baƙo sai da rakiya, kuma izinin saukar ma'aikatan jirgi zuwa gari yakan yi wuya. Kyaftin yana riƙe da bayanin tashoshi goma na ƙarshe da ya tsaya, wakilinsa ya tura takardu da wuri.

Direban tirela ya tabbata sunansa da lambar motarsa su ne a izinin shiga da kuma lokacin da aka kama masa a dandalin Fasah. Canza direba da safe ba tare da an gyara a tsarin ba yana nufin komowa daga ƙofa. Yaron mota da ba shi da izini ya jira a waje. Kafin ka ja kwantena, gwada lambar hatimin ƙofarta da ta takarda harafi da harafi, ka ja shi da hannu ka ji ko a kulle yake, ka ɗauki hotonsa a inda aka yarda da ɗaukar hoto. In bai dace ba, kada ka motsa, kira mukhallis, wato wakilin da ke fitar da kaya a kwastan. Ka kuma haɗa lokacin mina da sa'o'in da aka hana manyan motoci bin titunan gari, da titunan da aka rufe a arewa saboda gasa.

Mai kaya ya lissafa kwanakin kyauta iri biyu: na ajiya a mina, wanda bayansa ardiyya, wato kuɗin ajiya, ke fara hawa, da na kamfanin jirgi a kan kwantenarsa. Jinkirin bincike ba ya tsayar da ko ɗaya. Idan jirginka zai iso a makon gasa, a gabatar da bayanin kwastan tun kafin ya iso, a biya abin da ake biya, a kama mota da wuri. Kayan sanyi su ne ba sa jira. Masu sayen kifi a kasuwar Bangala kuma su tambayi masuntansu tun da wuri ko za su fita, su tanadi ƙanƙara, don kada gwanjon asuba ya zo musu da mamaki.

Fasinjan jirgin Sawakin ya je da wuri sosai, ya tuna agogon Sudan yana bayan na Saudiyya da awa ɗaya idan ana ba shi lokaci ta waya daga can. Maganar saƙo kuwa, mun san nauyinta, domin rabin zumuncinmu a kan kai wa wane wannan yake tafiya. Amma duk ƙunshin da za ka ɗauka a buɗe shi a gabanka, ka ga komai, har cikin gwangwani da ɗinkin jaka. Magani ya zo da takardar likita mai sunan mai shi. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma wanda aka samu abu a jakarsa shi ake tuhuma.

Bayan gasa

Tashin 'yan kallo ba ya buɗe ruwa. Akwai kwashe tulluna da igiyoyinsu, da kwalekwalen wasan wuta, da masu nutso da ke ciro anga, waɗanda jirginsu ke ɗaga tutar A mai fari da shuɗi, alamar a nisance su a rage gudu. Ka ci gaba da bin layinka na zagaye har lokacin da sanarwa ta ambata ya cika, ko a watsa soke ta a rediyo, ko ofishin Harasul Hudud na marsarka ya tabbatar maka. Daga nan ka goge ɗigogin daga GPS, ko ka sa musu suna da shekara, domin gasa ta gaba da tata iyakar za ta zo.